Kwabon Inna a Kan Naman Watanda

Talata, 11 ga Azumi, bayan la'asar

Na je gidan Mato mahauci. Kwana goma ina cewa gobe, gobe, yau dai na ja mayafi na tafi, don an ce sauran kaso huɗu a watandar bana, in suka ƙare sai baɗi.

Ya ce kaso ɗaya dubu ashirin da huɗu. Na ce, "Mato, sa za ku yanka ko giwa?" Ya yi ta dariya har da buga cinya, ya ce, "Yaya Salamatu, je ki kasuwa ki taya ɗan maraƙi, ki dawo mu yi magana." Na ce to a ba ni rabi. Ya ce shi tun yana riƙe wa babansa ƙafar sa ba a taɓa raba kaso ba. Kaso ɗaya, alama ɗaya. In zan haɗa da wani, in je can mu haɗa, shi mutum ɗaya ya sani.

Na kwance bakin zani na ciro kwabon Inna na miƙa masa, sai ya daina dariya. Tsohon kwabo ne mai huda, ya goge har rubutun ba ya fitowa. Shekara talatin da wani abu shi ne alamar gidanmu. Ranar yanka kowa ya ba da tasa, wani makulli, wani ƙwallon goruba, a zuba a hula, a kira wanda bai ga komai ba ya bi kason nama yana ɗorawa. Inda kwabon ya sauka, nan ne namu, ba musu. Mato ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Allah ya ji ƙan Inna. Na riƙe miki kaso, ki kawo kuɗi kafin ashirin ga wata."

Dubu takwas gare ni. Na san haka tun kafin in fita daga gida, amma na ba da kwabon.

Laraba, 12 ga Azumi, hantsi

Wannan ce Sallar farko babu Inna. Na rubuta, na zauna ina kallon rubutun.

Tun da na yi wayo, ranar ƙaramar Sallah a gidanta ake ci. Tuwon shinkafa da miyar taushe da naman watanda. Mata da yara kowa da kwanonsa, amma ƙannena biyu, Ishiyaku da Murtala, a gindin darbejiya suke zama, akushi ɗaya. Har suka yi aure suka tara gemu ba ta yarda an raba musu kwano ba. Kuma kowane kaso da 'yar hantarsa guda ɗaya tak, ba ta fi yatsu biyu ba. Inna takan sa yatsa ta tura ta gefen Murtala, wai ta auta ce. Ishiyaku ya yi shekara talatin yana mitar hantar nan. "Inna, ni a bola kika tsince ni?" Ita kuwa ta ce, "Ai ka ci taka shekara huɗu kafin ya zo."

Da ciwo ya kwantar da ita ta ce mini, "Salamatu, kar ki bari a kife akushin nan." Na ce to.

Tun ranar sadakar arba'in ba su ƙara yi wa juna magana ba. Wata shida. Ba zan rubuta abin da aka faɗa a soro ranar ba, na ji da kunnena sau ɗaya, ya ishe ni. Gonar gadonmu ta Saji da suka yi faɗa a kanta tana nan inda take, ba ta ma san ana yi ba. Yanzu Ishiyaku sai ya ce "malamin makarantar nan," Murtala ya ce "telan Kibiya," kamar ba ciki ɗaya suka fito ba.

Ni dai abin da nake nema a Sallar nan, in ga nama a tukunya, in ga hannuwansu biyu a akushi ɗaya. Ko na farkon ma ban san ta inda zai fito ba.

Juma'a, 14 ga Azumi, kafin la'asar

Na shiga motar Kibiya da sassafe da tsohon leshina a leda, don Ishiyaku ya rage wa 'yata Afra'u shi ta yi kwalliyar Sallah. Yarinyar ta turo baki, wai ita sabo take so irin na ƙawayenta. Na ce leshin nan ya girme ki, ki yi masa ladabi.

Shagonsa ba masaka tsinke, yadi har rufi, idonsa jajir don rashin hutu. Ya ajiye almakashi ya durƙusa ya gaishe ni. Wannan kam Inna ta bar mana. Muka gama maganar leshi, na ce na shiga watanda, kuɗi bai cika ba. Ya ce nawa zai sa? Na ce takwas. Ya jawo aljihun keke ya ciro, amma ya riƙe a hannu bai saki ba.

"Yaya, babu dai hannun malamin makarantar nan a ciki ko?"

Na ce, "Kai, zafin bana! Kuna samun ruwa kuwa a unguwarku?" Na zare kuɗin daga hannunsa. Ai a lokacin babu hannun nasa, ban yi ƙarya ba.

Ya rako ni bakin titi ya ce, "Zan zo in ci tuwon Inna. Amma wallahi in na ga babur ɗinsa a ƙofar gida, daga nan zan juya."

A mota na tuna yadda na zare kuɗin, dariya ta kama ni ni kaɗai, har tsohuwar da ke kusa da ni ta ɗan matsa.

Asabar, 15 ga Azumi, azahar

Ban ma neme shi ba, sai ga Murtala daga Madachi da mangwaro cike da hula, don ya manta leda. Murtala kenan. Inna takan ce ranar ɗaurin aurensa ma sai da aka tuna masa.

Ya zauna a kan turmi yana tsokanar Afra'u, ya ce ya ji an ce na kai wa Mato kwabo. Rano ba a ɓoye komai. Na ce na kai, sauran takwas. Wannan ma gaskiya ce. Ya sosa ƙeya, ya ce albashi bai shigo ba, amma matarsa Nana Aisha ta sayar da ɗan akuya, zai kawo gobe, ita ba za ta ƙi tuwon Inna ba. Sannan ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Telan Kibiya fa?"

Na ce, "Yana can, ɗinki ya sha masa kai."

Ya ce, "To madalla. Ni dai Yaya, kar ki haɗa mu. Kin san zuciyata."

Na san ta kuwa. Ni na goya ta.

Ya tafi ya bar hular. Afra'u ta bi shi da ita a guje har bakin masallaci.

Asabar ɗin dai, bayan shan ruwa

Na tambayi Malam, maigidana, wai shiru yana karya azumi? Ya ajiye kofin kunu ya ce wane irin shiru? Na kwashe duka na gaya masa. Mutumin nan ya yi dariya har ƙosai ya sarƙe shi, sai da na buga masa baya. Ya ce, "Shiru ba ya karya azumi, Salamatu, amma irin naki yana ramar da shi." Ya ce in tuna ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce ban yi ƙarya ba. Ya ce ai rami ma ba ki haƙa ba, kin dai tsaya a bakinsa. Amma ya yarda shi zai je ɗauko naman ranar yanka, kada ɗayansu ya leƙa gurin.

Litinin, 17 ga Azumi, hantsi

An kai wa Mato. Ya cika cif. Alhamdulillahi, alhamdulillahi!

Laraba, 19 ga Azumi, bayan la'asar

Nama ya samu, sai na tuna nama ba ya cin kansa.

Na taya shinkafa a kasuwa, mai ita ya faɗi kuɗin kwano, na ce ya maimaita, ya maimaita, na ce Allah ya ba da kasuwa. Na wuce injin casa na ce a auno mini karyayyiya, wadda suke warewa gefe. Mai injin ya ce, "Hajiya, kaji za ki ba?" Na ce, "Eh, manyan kaji biyu masu gemu." Tuwo ai tuƙa shi za a yi, wa zai tambayi ƙwaya ko lafiyarta ƙalau ta shiga tukunya ko a karye? Da kuɗin kwano biyu na samu huɗu. Illarta tsakuwa, mun wuni ni da Afra'u a kan faifai muna tsinta, har yanzu in na rufe ido tsakuwa nake gani.

Tumatir ina da kauɗar da na shanya lokacin araha. Mai kuwa nawa ne, ni da nake soya ƙuli-ƙuli ba zan sayi mai ba. Lemon kwalba babu, zoɓo za a sha, wanda bai so ba ga randa nan. Cincin ma na soke shi. Atamfa na soke ta tun ranar da na ba Mato takwas ɗina, zanin Inna mai ruwan goro zan ɗaura.

Abin mamaki, raina fes. Ina tsintar tsakuwa ina 'yar waƙata, Malam ya leƙo ya ce ko an yi mini albishir da Makka ne.

Asabar, 22 ga Azumi, hantsi

Fanta ta zo daga rugarsu ta wajen Zurgu da ƙwaryar nono. Uwarta ƙawar Inna ce, mu kuma muka gada. Ta ciro wata 'yar ƙwarya daga ƙasan tallan, man shanu ne, ta ce na miyar Inna. Na ce Fanta, ba ni da abin biyanki. Ta harare ni ta ce yaushe Inna ta taɓa biya? Na cika mata leda da ƙuli-ƙuli, na haɗa mata da dusa. Ta ce miyetti, godiyarsu ta Fillanci, na ce ni ce da miyetti.

Na ba ta labarin kaso ɗaya mai masu uku. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mu in bijimai biyu suna faɗa ba ma shiga tsakani, sai su tsire ka a banza. Kanwa muke zuba musu a guri ɗaya." Na ce to nawa bijiman sun ce ko inuwa ɗaya ba za su sha ba. Ta ɗora ƙwarya a ka ta ce, "Ki dai zuba."

Lahadi, 23 ga Azumi, bayan azahar

Na buɗe gidan Inna don in share. Ƙamshinta yana nan a ɗakin, na ɗan zauna tukuna.

Da na sa tsintsiya ƙarƙashin gado sai ta tokare da wani abu. Kabewa! Ƙatuwa, lafiyayya, ko tabo babu. Daga yaɗon da ta shuka a jikin danga kafin ta kwanta, mu muka tsinke bayan rasuwarta, na tura ɗaya nan na manta. Na rungume ta ina kuka ina dariya. Inna, ashe kin sa naki kason.

Na sauko da akushi na wanke na shafe shi da mai.

Ga shirin da na yi: Ishiyaku da iyalinsa da an sauko daga idi, Murtala da nasa bayan la'asar. Akushi ɗaya, a wanke a tsakani. Na san ba haka kika ce ba, Inna. Iya abin da na iya kenan.

Talata, 25 ga Azumi, la'asar

Katako ya faɗo wa Malam a ƙafa a shagonsa. Ba karaya, an duba, amma ta kumbura suntum, ko takalmi ba ya shiga. Yana kwance yana nishi, ni kuma Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne wa zai ɗauko nama. Ya kalle ni ya ce, "Na ga abin da kike tunani, ba sai kin faɗa ba."

Laraba, 26 ga Azumi, bayan la'asar

Yau na ga ta kaina.

Ishiyaku ya zo duba Malam da hantsi, ya kawo leshin Afra'u. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, ya sa masa wani aiki a wuya, yarinyar da ta turo baki ga ta tana juyi a tsakar gida ta ƙi cirewa. Zai tafi ya ce, "Wa zai ɗauko naman?" Na ce Mato zai aiko, kar ya wahalar da kansa, ga ɗinkin mutane. Ya ce, "Kwabon Inna ne dai alamar?" Na ce eh mana. Ya gyaɗa kai.

Ƙurar takalminsa ba ta kwanta ba na ji babur. Da Murtala ya biyo ta hanyar tasha da sun yi kiciɓis, Allah ya sa ya zaga shan mai. Ya shigo ya yi wa Malam sannu, ya ga leshi, ya gane hannun, ya kau da kai. Zai tafi shi ma ya ce, "Yaya, naman fa, wa zai je?" Na ce Mato zai aiko. Ya ce, "Kwabon ne dai?" Na ce eh.

Da ya fita Malam ya ja zani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na ce mai ƙafa kamar turmi ba ya dariyar mutane.

Na aika wa Mato ya taimaka ya aiko da kason da wuri. Ya ce ba komai.

Juma'a, 28 ga Azumi, azahar

Gobe yanka. Na daka gyaɗa, na jiƙa zoɓo, na fasa kabewa. Ba abin da zai faru. Mato zai aiko. Mato zai aiko.

Asabar, 29 ga Azumi, bayan azahar

Mato bai aiko ba.

Ina gidan Inna ina haɗa murhu na ji babur ya tsaya. Na leƙa ta soro. Murtala ne a gaba, fuska a murtuke. A bayansa Ishiyaku, ya rungume daro a cinya, ya karkace gefe guda don kar rigarsa ta taɓa ta ƙaninsa. Na ce innalillahi, na nemi ƙofar baya, gidan Inna kuwa ba shi da ita.

"Yaya!" Tare suka faɗa. Wata shida ban ji bakinsu ya haɗu a kan komai ba, ashe a kaina zai haɗu.

Da ƙyar na tsinci labarin, wannan yana katse wancan. Kowa ya yi sammako ya tafi gurin yanka bai gaya mini ba, wai ya hutar da ni. Mutane sun kai arba'in, ba su ga juna ba. Aka zuba alamomi a hula, aka bi ana ɗorawa. Kwabo ya sauka, hannu biyu suka sauka a kansa. Wannan ya ce na biya, wancan ya ce ni na biya. Mato kuwa, Allah ya shirye shi, ya ɗaga murya kowa yana ji ya ce, "Duk kun biya, yayarku ma ta biya!" Suka ce ya raba. Ya ce kaso ɗaya alama ɗaya, bai taɓa rabawa ba, ba zai fara a kan kwabon Inna ba. Wani dattijo ya ce musu ku ji kunya, azumi a bakinku, ranar ashirin da tara. Ishiyaku ya zo da daro tun daga Kibiya, amma a mota ya zo. Murtala ga babur, amma ya manta abin zubawa. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka fara sallama, Mato ya ce nama ba ya jiran masu gaba.

Ishiyaku ya dire daron a gabana ya ce, "Kin yaudare mu." Murtala ya ce, "Ƙwarai kuwa." Ishiyaku ya ce, "A raba uku, kowa ya ɗauki nasa." Murtala ya ce, "Haka za a yi."

Sai raina ya ɓaci. Na ɗauko wuƙa na dangwarar a kan daron na ce, "Bismilla. Tsoka za ta rabu, ƙashi zai rabu. Ga hanta nan guda ɗaya, ku yanka ta uku ina gani, a tsakar gidan Inna." Ba wanda ya motsa. Na ce eh na yaudare ku, in an sake ma zan sake. Na ce na ci kunya a injin casa, na tsinci tsakuwa har idona ya yi ruwa, na haƙura da zani, ba don ina kwaɗayin nama ba. Na ce uwa ɗaya gare mu kuma ta tafi, ku biyu kuka rage mini a duniya, na gaji da raba muku gaisuwa kamar mai rabon magani, safe da yamma. Na ce tuwo gobe ƙarfe ɗaya, sau ɗaya zan zuba, wanda ya ga dama ya zo, wanda bai zo ba in kife akushin in huta. Ina faɗa ina kuka, majina da komai, ba kyan gani.

Ishiyaku ya sa hannu a aljihu ya ciro kwabon, ya goge jinin da bakin rigarsa, ya ajiye mini a kan turmi. Ya fita. Murtala ya ɗan tsaya, shi ma ya fita. Na ji babur ya yi hanya ɗaya, takalmi ya yi wata.

Ba wanda ya ɗauki ko ƙashi. Ishiyaku ya bar daronsa, shi da ko allura ba ya mantawa. Murtala ma ya bar hularsa, amma wannan ba ta nuna komai.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

An ga wata. Yara suna ta ihu a waje. Na soya naman, gidan duk ya ɗauki ƙamshi, Malam ya ce ƙafarsa ma ta ji sauƙi. Hanta tana cikin ɗan kwano, na rufe.

Lahadi, ranar Sallah, kafin a tafi idi

Zanin Inna ya yi mini daidai. Tuwo ya tuƙu sumul, ba mai cewa karyayyiya ce. In ba su zo ba, Allah ya gani na yi.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in rubuta tun hannuna yana ƙamshin man shanu.

Murtala ne ya fara zuwa, sha biyu da rabi, da Nana Aisha da yara. Ya kafe babur a ƙofar gida, daidai inda ba mai wucewa bai gani ba. Na ce ya shigo da shi soro, ya ce nan ma ya yi. Ya je gindin darbejiya ya zauna a tabarma.

Ɗaya ta yi. Ɗaya da kwata. Miya tana ta tafasa, ni ma haka. Sai Afra'u ta shigo da gudu cikin leshinta ta ce ga su Kawu na Kibiya. Matarsa da yara suka shigo da sallama, muka rungume juna, amma shi shiru. Na leƙa. Yana tsaye a waje, shi da babur suna kallon juna. Na ce, "Barka da Sallah, Ishiyaku." Ya ce, "Barka dai, Yaya. Darona na zo ɗauka." Na ce yana ciki, ban wanke ba, sai ka ɗan jira. Ƙarya ce, tun jiya na wanke, amma azumi ya wuce.

Ya shigo ya zauna a ɗaya bakin tabarmar, ya ba ƙaninsa rabin baya.

Na zuba tuwo a akushi, na kwarara miya, kabewar Inna ta narke ta yi jajir, man Fanta yana yawo a kai. Na jera nama. Na ɗauko hantar na tsaya. Ni ba Inna ba ce, ban isa in tura ta gefen kowa ba. Na ɗora ta a tsakiya, na kai na dire a gabansu, na koma bakin madafi na yi kamar ina kwashe zoɓo. Duk matan gidan kowa ta sami abin da take yi a inda za ta hango.

Suka wanke hannu, suka yi bismilla. Kowa yana haƙa ta gefensa, ba mai ɗaga kai. Tuwo yana raguwa ta nan, yana raguwa ta can, aka bar wata 'yar katanga a tsakiya, hanta a kanta. Malam, da aka kawo shi a bayan keke, yana zaune a kujera ya sa loma a baki ya manta bai tauna ba.

Sai na ga Ishiyaku ya miƙa yatsa ɗaya. Ya tura ta a hankali, ta gangara gefen Murtala.

"Ɗauki. Ta auta ce."

Murtala ya kalli hantar. Ya kalli darbejiya. Ya sa bayan hannu ya goge ido, miya ta shafe masa gira. Ya ce, "Na gode, Yaya." Ya ɗauka ya ci.

Bai gama haɗiyewa ba Ishiyaku ya juyo wajen madafi ya ɗaga murya ya ce, "Shekara talatin da ɗaya kenan! Yaya, ni a bola aka tsince ni?"

Na ce, "Ai ka ci taka shekara huɗu kafin ya zo!"

Gidan ya kaure. Nana Aisha ta rangaɗa guɗa, Malam ya ƙware, Murtala yana dariya yana kuka har ya kifar da kofin zoɓo a rigar Sallar yayansa, suka hau musu a kan wanda ya ajiye kofin a nan. Ban taɓa jin musu mai daɗin wannan ba. Suka rushe katangar suka cinye, suka nemi ƙari, sai ƙanzo na kankaro musu.

Maganar Saji tana nan, ban ce ta mutu ba. Na dai ji Ishiyaku yana cewa in an kwana biyu su je su ga kawunmu, Murtala ya ce to. Ban sa baki ba.

Murtala ne ya kai shi tasha a babur, matan da yara suka bi a ƙafa. Mato ya aiko a tambaya ko ya riƙe mini kason baɗi. Na ce ya riƙe, masu shi uku ne, alama ɗaya. Na ɗaure kwabon a bakin zani.

Daron Ishiyaku yana nan, ya sake barinsa.

Na wanke akushi na kai ɗakin Inna, na ajiye shi a kan gadonta, bakinsa sama.